Facin da Ba a Liƙa Ba

6 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa da ladabi, tare da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Gwaggo. Yaya ƙafar? Ina fatan ka daina gardama kana shafa maganin. Na iso lafiya, sai gajiyar hanya da ta bi ni kwana biyu.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da matakala goma sha biyu ce kawai tsakanin teburinta da ɗakin ɗinkin littattafanka. To waya ba ta shiga ɗakinka na ƙasa, in ma ta shiga kunnenka ba ya karɓarta, kuma maganar da ke bakina ba ta waya ba ce.

Mu talatin da biyu ne a kwas ɗin, duk ma'aikatan laburaren kotuna, mako goma za mu yi. Ajin yana hawa na uku, kowa da kwamfutarsa, ga wata fanka da ke kuka kamar ana yi mata dole. Ana koya mana sababbin dokokin kare bayanan mutane, da binciken shari'o'i a na'ura, da yadda za mu gane shari'ar bogi da na'ura ke ƙirƙiro wa malalatan lauyoyi. Ni ce babbarsu a shekaru. Ranar farko aka ce kowa ya faɗi yadda yake aiki, na ce mu har yanzu faci muke yi: in an gyara doka gazet ta gwamnati ta zo, in yanke sabon sashen da almakashin nan da kake kirana da sunansa, in liƙa shi a gefen tsohon cikin kundi, in ja wa tsohon layi, in sa kwanan wata da harafin sunana. Suka yi ta dariya, wata ta tambaye ni ko muna da fitilar ƙwai a ofis. Ban ji haushi ba, shekara goma sha tara ina wannan aikin.

Babbar malamarmu tsohuwar alƙaliya ce da ta yi ritaya, Mai Shari'a muke ce mata. 'Yar ƙaramar mace ce, tabarau rataye a wuya, ba ta ɗaga murya. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Jiya ta haska mana jerin dokokin da aka gyara cikin shekara biyu, ta tsaya a kan dokar ɗaukaka ƙara, sashe na ashirin da bakwai. Da wa'adin kwana talatin ne, tun Janairun bara ya koma casa'in. Na gyara zama, don na tuna sarai na liƙa wannan facin da hannuna. Sai ta ce, "Wanda laburarensa ke da kwafi biyu na kundi ɗaya ya ɗaga hannu." Na ɗaga. Ta dube ni ta ce, "Kin liƙa a duka biyun?"

Kawu, ka tuna. Juzu'i na huɗu, inda dokar take, kwafi biyu gare mu. Lokacin da gazet ɗin ta zo, ɗaya yana wajenka kana sake masa bango. Na yanke faci biyu, na liƙa ɗaya, na sa ɗayan a ambulan sai littafin ya dawo. Daga nan ban tuna komai ba. Ban tuna ranar da ya dawo ba, ban tuna na buɗe ambulan ɗin ba.

Don Allah ka daure wa ƙafarka ka hau sama. Kanta ta uku daga taga, mai koren bangon da ka yi. Ka buɗe shafi na ɗari biyu da goma sha biyu ka gani ko akwai faci. Sannan ka duba aljihun teburina na ƙasa, makullin yana cikin gwangwanin fensir. Ka rubuto min abin da ka gani, kada ka yi min kara.

A gaida Gwaggo.

'Yarka,
Almakashi

*

13 ga Maris

'Yata Almakashi,

Na ga takardarki, na gode Allah da kika isa lafiya. Mu ma muna nan ƙalau. Ƙafa tana nan da halinta, ni ma ina nan da nawa. Gwaggonki ta ce ki riƙa cin abinci, ta san ki da karatu.

Ana cewa zumunci a ƙafa yake, ga shi namu ya koma takarda. Da ma mutanen kotun nan suna cewa dangantakarmu sai an sa tsani ake hango inda ta haɗu. Na gaji da yi musu bayani cewa kakarki da uwata 'ya'yan wa da ƙane ne. Yanzu cewa nake yi 'yata ce, wanda bai yarda ba ya shigar da ƙara.

Labarin ofis babu sabo. Magatakarda Sai-Gobe yana nan yana cewa sai gobe. Matar da aka aro daga sashen rajista ta riƙe miki wuri mutuniyar kirki ce, sai dai jiya na same ta tana jera littattafai dogo kusa da dogo, gajere kusa da gajere. Na ce ta daina kafin ki dawo ki suma.

Yanzu ga aikenki. Na hau, na buɗe shafin. Babu faci. Shafin fes yake, kwana talatin na nan zaune ba wanda ya ja masa layi. Na buɗe aljihun teburin, ambulan ɗin yana nan ƙarƙashin kwalin allurai, facin yana ciki. Ɗaya kwafin kuma yana ɗakin alƙali na kotu ta biyu, ya fi shekara a can. Kin san littafin da ya shiga ɗakin alƙali sai dai a bi shi da addu'a. Na yi dabara na ce zan duba masa ɗinki, na buɗe, naki facin yana nan daram da harafinki. Wato mai gyaran yana ɗakin da ba kowa ke shiga ba, marar gyaran shi ke kan kanta.

Batun ranar da ya dawo daga wajena, tsufa ya cinye min wannan.

Amma 'yata, faci ɗaya cikin shekara goma sha tara, shi ne har rubutunki yake rawa? Na san hannunki tun kina koyon sa lamba a bayan littafi. Layukan ƙarshen takardarki duk sun gangara. Ruwa ba ya tsami banza. Ki faɗa min abin da ke ƙasa.

Kawunki

*

19 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya. Ban da shi ba zan yi maka ƙarya ba.

Ka tambayi abin da ke ƙasa, ga shi. A watan Mayun bara, wata ranar da kwamfutar laburare ta mutu, wata lauya ta shigo tana haki. Ka san ta, doguwar nan ta ofishin da ke tsaya wa marasa hali kyauta, mai tafiya kamar ana binta. A bayanta akwai wata tsohuwa riƙe da leda cike da takardu. Tsohuwar ta tsaya a bakin ƙofa ta cire takalmanta, na ce mata ba sai ta cire ba, ta ce wurin ya yi mata tsabta da yawa.

Ɗanta direban bas ne. Birki ya tsinke masa a gangara, mutum ɗaya ya rasu, aka yanke masa shekara bakwai. Lauyar ta ce akwai takardar makaniki da ba a duba ba a shari'ar, in aka ɗaukaka ƙara tana da ƙarfin gwiwa. Sai dai tsohuwar ba ta san hanyar ofishinsu ba sai a makare, ranar kwana arba'in da ɗaya ke nan da hukunci. Lauyar ta ce ta ji kamar an taɓa wa'adin, tana so ta gani da idonta.

Ni na ɗauko mata juzu'i na huɗu, mai koren bango. Ni na buɗe shafin. Kawu, har yatsa na ɗora mata a kan layin. Ta tambaye ni, "Anti, babu gyara a kan wannan?" Na ce mata, "In da akwai, da kin gan shi a liƙe. Nan ba ma kwana da gyara." Haka na faɗa, da bakina, ina jin kaina.

Ta juya ta ce wa tsohuwar, "Mama, mun makara da kwana goma sha ɗaya." Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure bakin ledarta, na ba ta ruwa ta sha, ta yi min godiya, ta sa min albarka. Ta sa takalmanta suka tafi.

Tun ranar da takardarka ta zo ban gane abin da ake koyarwa ba. Ana magana ina kallon allo, fuskar matar nan nake gani. In aka buɗe ƙofar aji sai in ɗauka ni aka zo kira. Ina tsoro, Kawu. Ina tsoron kwamitin bincike, ina tsoron a karanta sunana a takardar kora, ina tsoron ranar da yarana za su ji cewa uwarsu ce ta sa wani ya kwana a gidan yari wata goma sha ɗaya. Ko babansu ban faɗa wa ba. Sannan in na gama jin tsoron kaina sai kunya ta kama ni, don ni a kan katifa nake wannan tsoron.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada kowa ya ga littafin nan a haka kafin in dawo. Ka san inda ambulan ɗin yake, ka san inda makullin yake. Ban san abin da zan yi ba tukuna.

'Yarka

*

8 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa. Lafiya kuwa? Yau kwana ashirin ban ga layi ɗaya daga gare ka ba. Kullum da rana sai na je wurin mai rarraba wasiƙu, har ya fara girgiza min kai tun daga nesa. Na kira Gwaggo, ta ce kana lafiya, kana fita aiki, sai dai ka rage magana kuma ba ka gama abincinka. Na ce ta ba ka wayar, ta ce ka ce kunnenka.

Babu irin tunanin da ban yi ba. Na ce ko takardata ta faɗa hannun Sai-Gobe. Na ce ko an riga an gano, an hana ka yi min magana. Na ce ko ka karanta labarin direban ka ji ba ka son sake ganin rubutuna. In wannan ne, ka faɗa min, zan ɗauka.

Ga abin da ya sa nake rubutowa ban jira amsarka ba. Wannan makon darasinmu a kan alhakin ma'aikacin laburare ne. Mai Shari'a ta ce lauya ba ya karanta doka, abin da muka ajiye masa yake karantawa. Da aka tashi na bi ta har bakin matakala, na ce ina da wata ƙawa da abu kaza ya faru da ita. Na ba ta labarin duka, ina cewa ƙawata, ƙawata. Ta saurara har na gama, ta cire tabarau ta goge.

Ta ce ƙofa ba ta rufe ba. Kotu tana iya ƙara wa mutum wa'adi ko ya wuce, in aka nuna makarar ba laifinsa ba ce. Ta ce babu hujjar da ta fi a ce littafin kotun kanta ne ya ɓatar da lauyarsa. Amma abu biyu ake bukata: littafin yadda yake, da shafinsa babu faci, da kuma rantsuwar ma'aikaciyar da ta buɗe shi. Sannan ta mayar da tabaraunta ta ce, "Ki ce wa ƙawar taki kada ta taɓa littafin nan. Kuma ki ce mata ta ci abinci, ta rame." Na zauna a kan matakala.

Don haka Kawu, ka ɗauke shi daga kanta ka kulle a ɗakinka, shi ke nan. Kada gam ya kusance shi. Kada ka buɗe ambulan ɗin. Shafin nan marar faci shi ne kaɗai abin da direban nan ya mallaka a duniya. Ban ce na sami ƙarfin yin rantsuwar ba. Amma a bar min ƙofar a buɗe.

Ka amsa min ko da layi biyu ne.

'Yarka

*

5 ga Afrilu

'Yata,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Ki yafe min shirun, sau huɗu ina fara takardar nan ina yagawa.

Ki kwantar da hankalinki, an gama. Ranar ashirin da huɗu ga Maris, da matar rajista ta fita sallar azahar, na sauko da littafin ɗakina. Na liƙa facin. Na ja wa kwana talatin layi da irin jan bironki. Na sa kwanan watan da ke kan na ɗakin alƙali, na yi harafinki. Kin san ni na koya miki yadda ake lanƙwasa shi. Gam ɗin na dama shi da ruwa-ruwa don kada ya yi sheƙin sabo, na sa littafin a injin matsi kwana biyu, na goga gefen facin da ƙashin da nake ninke takarda da shi har ya yi laushin tsufa. Shekara arba'in ina wannan sana'a, ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, kuma ban taɓa jin ƙyamar hannuna kamar ranar ba. Ya koma kanta. Duk wanda ya buɗe zai rantse tun bara yake nan.

Yanzu ga abin da na ɓoye miki. Na ce tsufa ya cinye min ranar da littafin ya dawo. Ƙarya na yi. Ranar Laraba ce, makon da autarki take asibiti kina jinya. Ƙa'idarmu ni da ke, littafin da ya fito daga ɗinki ba ya hawa kanta sai ya bi ta teburinki kin duba ko an yi gyara a bayansa. Ni na kafa wannan ƙa'idar tun kafin ki zo. Na hau da shi, na ga teburinki ya cika, na ce bari in rage wa yarinyar nan aiki. Na sa shi a kanta da hannuna. Washegari masinjan alƙali ya zo neman juzu'i na huɗu, ya ga sabo ya ga tsoho, na ce ya ɗauki tsohon don kada a ɓata min sabon bango. Kin ji yadda aka yi.

To ki gaya min, in bar ki ki ɗauki wannan? Ni na kawo ki kotun nan. Ranar da na zo ɗaukarki, marigayiya uwarki ta raka ni har bakin titi ta ce, "Ga ta nan, ba ni da wani a can sai kai." Saura wata bakwai in yi ritaya. Ke kina da yara uku a makaranta da sauran shekaru a gaba.

Direban nan ina tunaninsa, kada ki ce ba na yi. Amma wa'adin casa'in ɗin ma ya wuce tuntuni. Abin da ya zube ba ya kwasuwa. Ki gama karatunki ki dawo.

Kawunki

*

14 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Taka ta biyar ga wata ta zo min kwana biyu bayan na aika tawa, na san zuwa yanzu kai ma ka karanta abin da Mai Shari'a ta ce.

Zan faɗa maka abin da ban taɓa zaton zan faɗa wa kowa ba. Da na karanta cewa ka liƙa, daɗi na ji. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, na je na ci abinci har na ƙara, na yi hira da 'yan ajinmu, na yi dariya. Wuni guda cur na yi a haka. Sai da na zo wanke hannu na ga fuskata a madubi tana murmushi, sannan na tsorata da gaske. Duk tsoron da na ji a baya bai kai wannan ba, don yanzu na san zan iya. Zan iya dawowa in zauna a teburin nan shekara goma sha biyar ina miƙa wa mutane juzu'i na huɗu.

Ba ni da bakin yi maka faɗa. Ka girme ni, kuma don ni ka yi. Na sake tuna abin da na rubuta maka, na ce kada kowa ya gan shi a haka, na kuma nuna maka inda ambulan yake. Wataƙila ni na sa ka. Wataƙila ma abin da zuciyata take so ke nan, na bar maka ka yi min aikin da ba zan iya yi da hannuna ba.

Amma Kawu, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da mutum ɗaya muka cuta, yanzu biyu ne. In maganar ta taso wata rana, za a buɗe littafin a ga faci tun Janairun bara, a ce lauyar ce ba ta iya karatu ba. Yarinyar da ta tambaye ni da bakinta ko akwai gyara. Da kuskure ne a kanmu, ana yi wa kuskure takardar gargaɗi. Yanzu akwai kwanan wata na ƙarya da harafin da ba mai shi ya yi ba, a cikin littafin kotu. Ka fi ni sanin sunan wannan a juzu'i na biyu, na dokokin laifuffuka.

Na rubuta wa lauyar takarda, na faɗi komai. Tana cikin jakata kwana uku, da kan sarki a manne. Sau biyu ina zuwa bakin akwatin gidan waya ina dawowa. Da ni kaɗai ce a ciki, ina jin da na rufe ido na jefa. Amma yanzu ba yadda zan faɗi gaskiyar shafin nan ban ambace ka ba, ga fanshonka, ga Gwaggo, ga shekara arba'in da ba a taɓa kiranka ofis an rufe ƙofa ba. Ba zan aika ba sai ka ce in aika. In ka ce in yaga, ban san abin da zan yi ba, kada ka tambaye ni.

Abu ɗaya, kada ka ce za ka ɓamɓare shi da tururi. Na san za ka iya. Ya isa haka.

Ina jiran amsarka, kuma ina tsoronta.

'Yarka

*

23 ga Afrilu

'Yata Almakashi,

Gaisuwa mai yawa. Gwaggonki tana gaishe ki, na faɗa mata komai. Ta ce da ma ta san ba ƙafa ce ke hana ni cin abinci ba.

Da farko ki cire wa ranki cewa ke kika sa ni. Na karanta takardarki sarai, na gane kulle shi kike nufi. Na ga hanyar da zan bi in ce ban gane ba, na bi ta. Kuma ba don ke kaɗai na yi ba, har da kaina. Wannan ma ki sani.

Ki yaga takardar da ke jakarki, ba a bukatarta. Ba zan bari a ce 'yata ce ta kai ni ƙara ba, ƙafata ɗaya da rabi ta isa ta kai ni.

Ban ɓamɓare facin ba. Ranar Litinin na sauko da littafin, na rubuta a ƙarƙashin facin da baƙin biro, da rubutuna na gaskiya: an liƙa wannan ranar ashirin da huɗu ga Maris na bana, kwanan watan da ke sama ƙarya ne, harafin ba na mai shi ba ne, ni mai ɗinkin littattafai na yi. Na sa hannu. Na ɗauke shi na hau wurin Magatakarda. Littafin ya kusa kuɓuce min a matakala, ni da nake ɗaukar shida a lokaci ɗaya. Ya karanta sau biyu. Karo na farko tun da na san shi bai ce sai gobe ba. Ya tashi ya rufe ƙofa.

An karɓi makullin ɗakina har kwamiti ya zauna. Ke ma akwai takarda tana jiranki, ban san abin da ke ciki ba, ba zan yi miki ƙaryar cewa alheri ne ba. Batun fansho ba wanda ya ce komai, ni ma ban tambaya ba. Ina jin tsoro, 'yata. Da safe nakan shirya in ɗauki jakata, sai in tuna ba inda za ni.

An kira lauyar. Na ɗauka za ta zage ni, na ma shirya. Ta karanta shafin tana tsaye, ta ce, "Baba, ka san abin da ka rubuta wa kanka?" Na ce na sani. Ta fita da gudunta. Ta shigar da takardar neman ƙarin wa'adi, an sa ranar shida ga Mayu. Ta ce ba ta yi alkawarin komai ba, alƙali yana iya ƙi. Ana bukatar rantsuwata da taki. Na ce mata za ki zo. Ban tambaye ki ba, na dai faɗa.

Jiya ta dawo da tsohuwar don ta sa hannu a takardu a ofishin Magatakarda, ni ma an kira ni. Ta cire takalmanta a bakin ƙofa kamar yadda kika ce. Ledar tana nan, ta tsufa. Ba ta san ko ni wane ne ba, ta ga dattijo zaune kusa da littafi, ta ɗauka ni ne mai taimakon. Ta ce, "Malam, an ce akwai wurin da aka rubuta cewa ba mu makara ba. Ba na karatu, amma a nuna min."

Na buɗe mata. Na kama yatsanta na ɗora a kan facin, na ce nan aka rubuta kwana casa'in. Ta bar yatsan a wurin. Na ga bakinta yana motsi, tana lissafi da ɗaya hannun a kan gwiwarta. Ta daɗe. Sannan ta ɗago ta ce, "Ashe ranar da muka zo da sauran kwana arba'in da tara."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ƙara da cewa, "Yarinyar nan da ta ba ni ruwa, tana nan kuwa? A gaishe ta."

Na ce za ta ji. Ga shi na isar.

Ki taho ranar biyar ga wata, zan tsaya miki a tasha.

Kawunki